Sharhi Kan Matatar Haske ta CPL Bayan Watanni Takwas Ina Ɗaukar Hoton Ruwa da Gilashi

Abin da ya kai ni ga sayen wannan matata shi ne wani hoto da na ɗauka a bakin tafki, inda idona yake ganin tsakuwa ja da baƙa a ƙasan ruwa garau, amma da na duba kyamara sai na tarar da farin ƙyalli ya rufe komai kamar an shimfiɗa takarda a kan ruwan. Matatar da masu sana'ar hoto ke kira CPL siririn gilashi ce mai ɗan duhu a cikin zobba biyu: ɗaya ana murɗa shi a bakin gilashin kyamara ya kama, ɗayan kuma yana juyawa da yatsa. Tawa mai faɗin milimita 77 ce, kuma yau watanni takwas ke nan ina aiki da ita.

Ranar farko na koma wannan tafkin, na tsaya inda na tsaya a baya, na riƙa juya zoben a hankali. Ƙyallin ya fara dushewa, ruwan ya koma kore mai duhu, sai tsakuwar ta bayyana ɗaya bayan ɗaya, har da wani ganye da ya nutse ya maƙale tsakanin duwatsu biyu. Gani ya kori ji. Wannan aiki ne da gyaran hoto a kwamfuta ba ya iya yi, domin abin da ƙyalli ya riga ya rufe kyamara ba ta ɗauke shi ba tun farko, balle a dawo da shi.

Sai dai a makon da ya biyo baya na tsaya daidai gaban wata taga, ina fuskantarta kai tsaye, na juya zoben har ya zagayo, inuwata tana nan daram a gilashin. Na ɗauka matatar ce ta lalace, ashe wurin tsayuwata ne bai dace ba. Hasken da ya dira a kan ruwa ko gilashi ya dawo yakan daidaitu ta fuska ɗaya, kuma wannan daidaitaccen hasken kaɗai matatar ke iya tarewa. Wani Bafaranshe, Étienne-Louis Malus, shi ne ya lura da hakan a 1808, lokacin da yake kallon hasken rana da ke dawowa daga tagogin fadar Luxembourg a birnin Paris ta cikin wani dutse mai ɗaukar ido, sannan David Brewster na ƙasar Sikotland ya bayyana kusurwar da abin ya fi ƙarfi a 1815. A aikace, idan layin ganinka ya yi kusan digiri 37 da fuskar ruwa, ko digiri 34 da fuskar gilashi, inuwar takan kusan ɓacewa baki ɗaya. Da zarar ka miƙe ka fuskanci gilashin kai tsaye, ko ka durƙusa har kyamara ta kusa taɓa ruwa, ƙarfin matatar sai ya ragu ƙwarai. Da ma takardar da ke cikin kwalin ta yi wannan bayani, da ta rage wa mai saye wahala, amma ba ta ce komai a kai ba.

Abin da ya fi burge ni, wanda kuma ban yi tsammaninsa ba, shi ne cewa na saye ta don in share inuwa, sai ga shi na fi amfani da ita wajen auna yawan inuwar da nake so. Idan na juya zoben rubu'in zagaye daga inda yake share ƙyalli, matatar takan bar hasken inuwar ya wuce yayin da take rage sauran hasken, don haka bishiyoyin da ke kife a cikin ruwa sukan ƙara fitowa sosai fiye da yadda suke ba tare da ita ba. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai matakai masu yawa, kuma a nan ne na samu hoton da na fi so a cikin duk waɗanda na ɗauka: gajimare yana kwance a saman ruwan, ƙananan kifaye uku kuma suna ratsawa ta ƙarƙashinsa, dukkansu a bayyane cikin hoto ɗaya.

A kan gilashi sakamakon ya bambanta. Tagar shago da akwatin nuni na gidan tarihi suna tsabtacewa da kyau matuƙar na tsaya a kaikaice. Taga mai gilashi biyu takan ninka inuwa, kuma abin da matatar ta kasa sharewa yakan fito biyu-biyu. Madubi da ƙarfe mai sheƙi kuwa ba ruwansu da ita, domin hasken da ke dawowa daga ƙarfe ba ya daidaituwa irin na ruwa. Gilashin gefen mota yakan nuna wasu tabbai masu duhu a jere, waɗanda suka samo asali daga yadda ake gasa shi a masana'anta don ya yi ƙarfi, fuskar kwamfuta kuma takan koma baƙa wuluk a wata kusurwa. Wanda zai ɗauki hoton ofis ko mota ya kamata ya san da wannan tun kafin ranar aiki.

Babban aibinta shi ne cin haske. Takan riƙe fiye da rabin hasken da ke shiga, ta yadda hoton da zan ɗauka a 1/250 na daƙiƙa yakan koma wajen 1/90 ko ƙasa da haka. Da rana wannan ba damuwa ba ce, amma da asuba, lokacin da iska ba ta taso ba kuma ruwa yake kwance lif, wato lokacin da ya fi dacewa da hoton inuwa, dole ne in kafa kyamara a kan sanda mai ƙafa uku ko in ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na karɓar haske, in haƙura da ɗan ƙura-ƙura a hoton. Haka kuma idan na sa ta a gilashi mai faɗin gani, kamar na milimita 16, sararin sama yakan yi duhu a gefe ɗaya ya yi haske a ɗayan, saboda hasken sama ya fi daidaituwa a ɓangaren da ke digiri 90 daga rana. Sau biyu zoben ya cije a bakin kyamara, kuma tun da na waje juyawa kawai yake yi, sai da na naɗa roba a siririn zoben ciki kafin ya kwance. Tun daga nan nake ɗaure ta sako-sako, ina kuma juya ta ta ɓangaren da take ɗauruwa don kada ta warware ta faɗa ruwa.

Akwai kuma abin da ba aikinta ba ne, wanda na ga masu farawa suna ɗora mata laifinsa. Inuwar dutse a cikin kududdufi tana da nisan dutsen ne, ba nisan kududdufin ba, saboda haka idan kyamara ta kama fuskar ruwan, inuwar za ta fito dishi-dishi ko da wace matata aka sa.

A ganina kwalliya ta biya kuɗin sabulu ga duk mai yawan ɗaukar hoton ruwa, tagogi ko ganyaye bayan an yi ruwan sama. Shawarata ita ce a sayi guda ɗaya daidai da gilashin kyamara mafi faɗi da ake da shi, a haɗa da zobban ƙari domin ƙananan, a kuma zaɓi mai siririn baki wadda aka yi wa rufi mai hana ruwa maƙalewa, domin ɗigon ruwa ya fi saurin gogewa a kanta. Wanda yawancin aikinsa na dare ne ko na cikin ɗaki mai ƙarancin haske, kamar ɗaukar inuwar fitilu a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, zai fi samun biyan buƙata idan ya cire ta ya ajiye a jaka.