Masu askin bishiya da suka yi mana aiki a Ƙofar Sauri

Tsamiyar tsakar gidanmu ta girme ni, ta girmi mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kakanmu a filin ya tarar da ita, ya zagaye ta da katanga. Sai kuma bedi biyu a ƙofar gida. Iskar farkon daminar bara ta karya reshe ya faɗa kan kwanon ɗakin Hajiya, shi ya sa bana tun watan Maris na shiga neman masu aski, kafin hadari ya fara haɗuwa.

Na farkon da aka kawo mini ko ɗaga kai bai yi ba ya ce a gundule ta, a bar gungume, ai za ta sake tohowa. Na sallame shi. Na biyun wani dattijo ne da yaransa biyu, suna da igiya, tsani, adda da zarto mai inji. Ya daɗe yana zagaya tsamiyar, yana ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari yana sauraro, wai ko gara ta cinye cikinta. Da na kawo maganar gundulewa sai ya ce, "Alhaji, tsohuwar bishiya ba a yi mata ƙwal-kwabo. Tohon da zai fito daga gungume ba shi da ƙwari, shi iska za ta fara jefo muku." Ya ce ba zai cire abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na rassan ba. Muka daidaita a naira dubu 25.

Hajiya ta ƙi yarda da farko. Ba don aljanun da ake cewa suna zama a tsamiya ba, in ji ta, don kunun azumi ne. Ni dai ban ja maganar ba.

Aikin kansa ya burge ni. Kowane babban reshe sai sun ɗaure shi da igiya, su fara tsaga shi ta ƙasa, sannan su yanke ta sama, don kada nauyinsa ya ɓare ɓawon har jikin uwar. Dungun da ya rage su datse shi daidai ɗan kumburin da ke gindin reshen, ba su shafe shi ba, domin daga nan ne bishiya ke rufe rauninta. Na ɗauko baƙin mai zan shafa a wurin, kamar yadda na ga ana yi, dattijon ya hana. Ya kuma nuna mini kauci har wuri huɗu, wanda tsuntsaye ke kawo irinsa ya kafe a reshe yana shan ruwan bishiyar. Shekara da shekaru ina zama a inuwar nan, ban taɓa lura ba.

Wurin da ya ba ni kunya shi ne siminti. Ni na sa aka dafe tsakar gidan har jikin tsamiyar. Ya ce saiwoyinta a kusa da saman ƙasa suke, sun bazu har sun wuce inuwarta, kuma suna son ruwa da iska. Na sa an fasa kamu biyu zagaye da ita.

To amma ba a rasa abin ƙorafi ba. Sun ce bayan asuba, sai ƙarfe 10 suka iso. Wani yaron ya saki reshen bedi ya fasa mana randa, ko haƙuri bai bayar ba sai da ubangidansa ya daka masa tsawa. Ganye kuwa nan suka bar mana tuli, kwana biyu muna kwasa. Babbar rigimar a kan itace aka yi: da yamma sai ga kura sun kira za su loda, wai al'adar sana'ar ke nan. Ni ban ji haka ba wajen ciniki. Daga ƙarshe muka raba, na bedin nasu, na tsamiyar na Hajiya.

Zan sake kiran su idan bedin ya kusa taɓa wayar wuta, amma maganar itace da shara za mu fara gamawa kafin kowa ya taka tsani.