Sharhi: mai dekor ɗin da ya raba mini ɗaki gida biyu a Jidda

Bayan rusau ɗin da ya ci unguwannin kudancin Jidda a 2022, muka koma wata shugga, wato fulat, mai ɗaki uku. Ni tela ce, ina ɗinka wa 'yan'uwanmu abaya da atamfa, kuma ɗakin baƙi shi ne ɗakin keke. Da an ƙwanƙwasa ƙofa sai in hau tura ƙyallaye ƙarƙashin kujera. Wata ƙawata ce ta haɗa ni da mai dekor, Bahaushe haifaffen nan, kowa Mu'allim yake ce masa. Yau wata takwas da gama aikin, shi ya sa nake ganin na isa in yi magana.

Abin da na je da shi a raina silin ɗin jibs ne mai ɓoyayyun fitilu, irin wanda ake gani a Snapchat. Ya dubi ɗakin ya ce, "Hajiya, ba sama ce matsalarki ba. Ki je Balad ki kalli tagogi, sai mu yi magana."

Na ji haushi, amma na je. Shekara nawa ina ratsa Balad, tsohuwar unguwar Jidda, zuwa kasuwar Alawi ban taɓa ɗaga kai ba. Wajen Bait Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, na tsaya ina kallon roshan, wato tagar katakon nan da ke turowa waje, mai ƙananan ramuka. Iska na shiga, zafin rana na raguwa, na ciki yana ganin titi, na titi ba ya ganin sa. Waɗannan tagogin suna cikin abin da ya sa UNESCO ta saka unguwar a jerin kayan tarihin duniya a 2014.

Irin wannan sassaƙar ya yi mini, shamaki daga ƙasa har kusa da silin. Ina zaune kan keke ina ganin wanda ya shigo, shi kuwa katako kawai yake gani. Sanyin mukayyif ɗaya, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana isar wa ɓangarorin biyu. Da la'asar in rana ta bugo, inuwar ramukan takan zubo kan kafet kamar zanen hula. A gefen baƙi ya hana ni sayen manyan kujeru, ya shimfiɗa wurin zama a ƙasa da tumtum biyu. Kwanukan jeren mahaifiyata da suka zo daga Kano, waɗanda na ɓoye a kwali don kunyar a ce mini 'yar ƙauye, shi ya ciro su ya jera a bango da faya-fayai uku. Duk baƙuwar da ta shigo can idonta ke fara sauka.

Sai dai akwai inda ya ɓata mini rai. Mako biyu ya ce, biyar ya yi. Kuɗin da muka yi magana ashe babu harajin kashi 15 cikin 100 a ciki, sai ranar biya na ji. Fitilar da ya sa a kan keke ruwan ɗorawa ce, kyakkyawa a hoto, amma da dare ba na bambance baƙin zare da shuɗi mai duhu. Da kuɗina na canza fara. Kantar ƙasa kuma da MDF ya yi ta, allon garin katako da aka matse, ba ainihin katako ba, kuma daidai ƙarƙashin mukayyif. Ga ɗigar ruwa, ga laimar Jidda, kafin wata huɗu gefenta ya kumbura kamar burodi.

Wadda za ta ba shi aiki, ta sa ya rubuta irin katakon da jimlar kuɗi har da haraji kafin ta miƙa kafin alƙalami. Ni dai na riga na ba ƙanwata lambarsa, duk da cewa tun bayan ƙaramar Salla yake cewa gobe zai zo ya canza kantar.