Tabarau, rufin ido ko maganin ɗigawa: me za a saya wa yaro mai raunin ido ɗaya?

Yaron da idonsa ɗaya ya yi rauni ba ya kawo ƙara, domin ɗayan na yi masa aikin biyu. Sau da yawa idon lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwa ce ta saba da idon da ke ba ta hoto tangaran, ta yi watsi da mai dishi-dishi. Harara-garke na jawo haka, yanar ido ma haka, amma wanda ya fi ɓoyuwa shi ne idan ƙarfin ganin idanun biyu ya bambanta. Magani ya fi kamawa kafin shekara 7.

Kada ki fara da kasuwa. Tabarau ɗin da ake bazawa a tebur a Kasuwar Dole ta Zinder na karatun manya ne, lamba ɗaya ce hagu da dama, alhali matsalar yaron galibi bambancin nan ne. A fara da awo a sashen ido na babban asibitin Zinder, inda za a ɗiga masa magani ƙwayar ido ta buɗe kafin a auna. Masu hali kan tsallaka asibitin ido na ECWA a Kano, amma ki tuna magani ne na komawa duk bayan ƴan watanni.

Tabarau ne matakin farko, kuma wasu yaran shi kaɗai ke isar su cikin wata 3 zuwa 4. Nan ya kamata kuɗi su tafi. Gilashin kwalba ba na yaro ba ne, ana faɗuwa wajen langa ya tarwatse. Na roba mai suna polikabonet ya fi jure duka, sai dai ƙurar hunturu na karce shi idan ana goge shi da bakin riga. A ɗauraye da ruwa tukuna. Firam kuwa, mai lanƙwasuwa da igiya ta ƙeya ya fi na ƙarfe mai ƙyalli, wanda ke zamowa kan hanci yaro ya riƙa leƙe ta sama.

Idan tabarau bai wadatar ba, sai rufi. Ido mai lafiyar, wato mai gani tangaran, ake rufewa, don a tilasta wa mai raunin aiki: awa 2 a rana idan raunin matsakaici ne, kamar awa 6 idan ya yi tsanani. Mai liƙewa kamar filasta, irin su Opticlude da Ortopad, shi ya fi hana leƙe, amma kullum sabo ake sawa, kuma a zafin Afrilu da Mayu zufa na ɓanɓare shi, wani yaron har ƙuraje. Na ƙyalle da ake zura wa tabarau, tela ma zai ɗinka, a wanke a maimaita. Ni shi zan zaɓa a bazara, muddin akwai babba a kusa, don yaro ɗan shekara 4 ya fi ki dabarar leƙe ta gefe. A sa shi zane ko tsintar wake a lokacin.

Ga mai fizge rufi akwai atirofin, da ake ɗigawa a ido mai lafiyar ya dusashe ganinsa na kusa. Sau 2 a mako kan wadatar. Yana buɗe ƙwayar ido, ranar Damagaram kuwa ba ta da sauƙi, sai da hula mai baki. Guba ne idan aka sha, ba a sayensa sai da takardar likita.

Ko gani ya daidaita, likita ne zai rage awannin sannu a hankali, domin raunin kan dawo idan aka daina farat ɗaya.