Hattara da masu tallan "maganin narkar da nonon maza"

Jama'a don Allah duk namijin da ƙirjinsa ya tasa kamar na mace, ko yake da ɗa ko ƙani mai wannan lalurar, ya tsaya ya karanta kafin ya tura wa wani ko sisi.

Akwai wasu da suka cika Facebook da TikTok da tallan man shafawa da shayi da wata 'yar shara mai matse ƙirji, wai cikin sati biyu nono zai narke. Hotunan nan nasu na da da yanzu, ka ja hoton ka duba da kyau, a wasu za ka hango tabon ɗinki a gefen kan nonon, wato hoton wanda aka yi wa tiyata suka kwaso suka liƙa wa mansu. Kana yin magana za a ce ka koma WhatsApp, wani ya turo maka murya wai shi dakta ne, bai gan ka ba bai tambayi shekarunka ba amma har ya gano ciwonka. Kuɗin kaya daban, kuɗin mota daban, kuma sunan da ke akawun ɗin ba shi ne sunan shagon ba.

Ɗan yayata da ke sakandare haka suka yi masa, ya tara 'yan kuɗinsa a ɓoye saboda tsokanar da ake masa a filin ƙwallo. Abin da ya iso wata 'yar roba ce ba suna ba lamba, sai warin man zafi, ya shafa fatar ta yi ja ta saɓule. Da ya yi ƙorafi aka ce ai alamar yana aiki ke nan, wai sai ya sayi kashi na biyu, da ya ce ba shi da kuɗi suka yi bulokin ɗinsa. Kuma sun san abin da suke yi, sun san ba namijin da zai je caji ofis ya ɗaga riga ya ce an cuce shi a kan nono. Kunyar nan ita ce jarinsu wallahi.

Shi wannan abu da likitoci ke kira gynecomastia, asalinsa rikicewar sinadaran jiki ne, na mata (estrogen, kowane namiji yana da shi kaɗan) ya rinjayi na maza (testosterone). Yana yawan fitowa yaro ɗan shekara 13 zuwa 14 lokacin balaga, kuma mafi yawa yana bajewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2 ba tare da an sha komai ba. Nan ma mayaudaran ke cin riba, abu ya tafi don kansa su ce shayinsu ne. Yana kuma zuwar wa dattawa da suka haura 50.

In babban mutum ne abin ya fito masa kwatsam to akwai dalili, kuma dalilin ake nema. Wasu magunguna na jawo shi, irin su spironolactone na hawan jini da kumburi, cimetidine na olsa, efavirenz na HIV, da allurar ƙara ƙwanji da 'yan ɗaga ƙarfe ke yi. Giya na jawo shi, ana kuma danganta shi da wiwi. Ciwon hanta ko ƙoda ko ƙari a maraina duk suna iya fara nuna kansu ta nan, to kai kana can kana shafa mai hanta na lalacewa. Amma fa kar wanda ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai don ya karanta wannan, koma ka gaya masa ya canza maka.

Wani kuma kitse ne kawai, taɓa ka ji, in laushi ne ko'ina ba wani curi a ƙarƙashin kan nonon to rage ƙiba da motsa jiki za su taimaka sosai. In kuwa akwai curi mai ɗan tauri kamar roba, wannan tsokar nono ce, ba man da ke ratsa fata ya narkar da ita, fushof ma ba ya cire ta. In sabo ne yana ciwo likita kan iya gwada wani magani mai suna tamoxifen, in ya wuce shekara ya riga ya yi tauri to sai tiyata, kuma ana yi a manyan asibitocin koyarwa. 'Yar sharar nan ɓoyewa kawai take yi, da ita da zafin Afrilu kuwa sai dai ƙuraje.

Abin da ba a jira da shi: curi mai tauri a gefe ɗaya, kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, ko kaluluwa a hammata. Maza ma suna yin kansar nono, kusan kashi 1 cikin 100 na masu ita maza ne.

Wanda suka riga suka karɓe wa kuɗi kar ya goge hirar, ya ajiye rasit ɗin tiransifa da hoton shafin da robar man, ya kira bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi, kayan kuma a kai rahotonsu ga NAFDAC. In yaro ne, babba ya raka shi.