Gargaɗi ga mutanen Damagaram: ku yi hattara da mai kayan sola na "ragowar furoje"

Jama'a, salamu alaikum. Akwai wani mutum da ke yawo cikin gari yana sayar da batir da panno (faifan sola) da wayar wuta, yana cewa wai ragowar kayan wani furoje ne da aka rufe. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba mu ma ban yarda nasa ba ne. Salonsa zan bayyana muku. Innata ya cuta, ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Birni, kuma ni da hannuna na taya sauke kayan daga mota, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Tun watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, idon kowa ya koma kan sola. An maido da wutar daga baya, amma wanda ya sha duhun watannin nan bai manta ba. Inna sana'arta ƙanƙara da zoɓo da lamurje. In firigo ya kwana babu wuta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jarin ranar ya narke ke nan. Ta daɗe tana burin nata kayan, har ta kwashi adashi, ta haɗa da kuɗin tumakinta biyu.

Ta WhatsApp ya shigo, da saƙon murya a wani zauren mata. Murya a sanyaye, da sallama da salati. "Hajiya, kayan Turawa ne, furoje ya ƙare, an ce a fitar da su kafin a rufe magaza." Wayonsa yana wajen farashi. Batirin da butik ke cewa jika 150, shi ya ce 110. Bai karya shi warwas ba, don ya san in ya ce rabi kowa zai tsargu. Ya bar shi daidai inda za ka ji ka yi sa'a, ba inda za ka ji an raina maka hankali ba.

Sai bayan magariba ya zo, wai da rana aiki ya yi masa yawa. A lokacin ban kawo komai ba. Yanzu na gane: babu rana, babu gwada panno. Ya ciro na'urar awo daga aljihu, ya ɗora a kan batir, ya haska mana da fitilar waya: 12.8, wato alamar batir a cike yake. Ya jona kwan fitila ya kama tar. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, ɗaga ka ji." Na kama, na kasa, sai da muka haɗu mu biyu. Nauyin nan shi ya kashe mini baki. Sannan ya ce haɗawa kyauta ce, yaronsa zai yi, kada Hajiya ta ɓata kuɗi wajen kiran mai gyara. Ya bar mana takarda mai hatimi, garanti shekara biyu, babu adireshi, lambar waya kawai.

Mako biyu lafiya lau, don wutar gari na nan tana rufa masa asiri. Daren da aka ɗauke ta, kafin sha ɗaya inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka, firigo ya yi shiru. Na kira shi, ya ce ƙura ce ta rufe panno, a goge. Muka goge. Ya ce gobe zai turo yaro. Goben nan har yau ba ta waye ba, lambar kuma a kashe.

Na ɗauko wani dattijo a Zango da ya daɗe yana aikin wuta, Baba nake ce masa. Bai fara taɓa na'ura ba. Ya hau soro ya ce, "Ɗana, aro mini awon tela." Ya auna panno: tsawo mita 1 da santi 20, faɗi santi 67. Ya juya bayansa, takardar da aka manna ta ce wat 300. Ya yi dariya ya ce wannan ko a mafarki. Lissafinsa mai sauƙi ne. Hasken ranar da ake gwada panno da shi a masana'anta wat 1000 ne a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kuma panno mai kyau na zamanin nan kusan kashi 20 cikin 100 yake iya mayarwa wuta. Ke nan mai wat 300 na gaskiya sai ya kai wajen mita ɗaya da rabi a faɗin mita guda. Namu iyakarsa 150 ko 160. Takarda kowa na iya bugawa, girma ba a ƙara shi da manne.

Ya sauko kan waya. Ya feɗe ta, ya kankare silin da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Irin wannan ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla tsantsa, wajen kashi 60 cikin 100 yake kaiwa in kauri ɗaya ne, ga shi yana zafi a mahaɗa, yana karyewa. A ɗakin da rufinsa azara ce da tabarma, ku da kanku kun san abin da hakan ke nufi.

Batir kuwa, nan ne na ji kunya. Na ce, "Baba, ai na ga 12.8 da idona." Ya ce ko ɗan batirin babur in ya cika abin da zai nuna ke nan. Awon nan yana faɗa maka randa a cike take, ba ya faɗa maka girman randar. Ya caja shi ya cika, ya jona masa kwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan amfiya huɗu da ɗoriya. Batir mai amfiya 200 na gaskiya, girman da aka ce namu ya kai, zai riƙe kwan nan awa goma bai kai ko rabi ba. Namu kafin awa uku hasken ya koma ja kamar garwashi. Muka kai wa masu sayen tsohon batir don dalmar cikinsa, su da suka saba da ruwan batir (kada wani ya fasa a gida, ruwan yana cin fata da ido). Suka yanke murfi. Ɗan ƙaramin batir ne a sama, an zaunar da shi a kan siminti da yashi. Batirin dalma mai amfiya 200 yakan kai kilo 55 zuwa 60, kuma macutan sun san mun san haka, shi ya sa suke cika nauyin da abin da ba ya riƙe wuta. Siminti na ɗauka a kafaɗa ina murna.

Ni ma mai son arha ne, ba na ɓoyewa, kuma ban ce kowane kaya sai mai tsada ba. Ƙarfen da za a ɗora panno a kai, mai walda na unguwa zai yi maka shi da kyau. Guduma, shebur, bokiti, abin da idonka ke gani, hannunka ke juyawa, yi ciniki har mai kaya ya gaji. Abin da za ka yi aiki da shi sau ɗaya a shekara ma, ara wajen maƙwabci. Amma kayan da amfaninsa ke rufe a ciki, batir, waya, regilata mai daidaita caji, famfon lambu, kuma abincin gidanka ya rataya a kansa, nan ne maganar mutanen da ke aiki, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ga zafin garinmu da ke rage wa ko batir mai kyau kwana, balle na bogi.

Sai dai tsada kaɗai ba shaida ba ce. Akwai jabu da ke zaune a kan kanta, da babban suna a jikinsa, da babban farashi. Jika 40 ɗin da Inna ta so ragewa, ba kuɗin suna ba ne. Kuɗin ƙofa ne: butik a Kasuwar Dole da za ka koma gobe ka tarar a buɗe, mai shi an san gidansu, in ya cuce ka akwai wanda za a kai ƙara wajensa ya ji kunya. Ko a can ɗin ma, je da mai gyaranka, ba nasu ba. A fitar da panno tsakar rana a auna ƙarfin wutar da yake turowa. A rubuta maka faktir da sunan butik da lambar da ke jikin kaya. In da hali, riƙe wani abu daga kuɗin sai batir ya kwana uku yana aiki. Ɗan kasuwar kirki zai yi ƙorafi amma zai yarda. Wanda ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, yana cewa akwai wani Alhaji da ke jiran kayan in ba ku shirya ba, ku raka shi ƙofa.

Mun kai takardar garantin da hoton motarsa kamisariya. Jiya wani ya ce mini an ji irin muryar nan a wani zaure na masu lambu wajen Mirya, wannan karon da famfon sola. Duk wanda ke da 'yan'uwa a can, ko Matamai da Magarya, ya kira su yau. Wanda kuma ya riga ya saya, kada kunya ta sa ya yi shiru, ya kai takardarsa a haɗa da tamu.

Panno biyun Baba ya ce a bar su, za su yi fitila da cajin waya. Inna ta sake shiga adashi, kwasarta sai bayan babbar salla.