Bindigar Iska Mai Silinda Ko Mai Sifirin: Amsa Ga Mai Shirin Harbin Mita 10

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda wasan harbin allo daga nisan mita 10 ka sa a gaba, kuma kana sha'awar gyaran bindiga, sannan tsakanin bindigar iska mai silinda, wadda ake cika wa matsattsiyar iska, da mai sifirin, wadda naɗaɗɗen ƙarfe ke tura iskarta, kake neman zaɓi, ka sayi mai silinda, wadda ake kira PCP.

Tawa Walther LG400 ce, ƙirar Jamus, kuma gwanjo na same ta. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne iskarta tana nan a matse cikin silinda tun kafin a ɗauke ta, sannan akwai wata 'yar na'ura a ciki da ke auna wa kowane harbi iska daidai da na bayansa, saboda haka idan ka taɓa kunama babu wani abu mai nauyi da ke motsawa, ƙwayar darma ce kawai take fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasan da ɗigon tsakiyar allonsa, wato gidan maki 10, faɗinsa rabin milimita ne, kuma sau 60 za ka neme shi kana tsaye da ƙafafunka, ba tare da madubin kusanto da nesa ba, domin dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ba ta yarda da shi a wannan gasa ba.

Akwai wani dattijo, tsohon soja, da muke haɗuwa da shi a filin atisaye a nan Kaduna, wanda ya daɗe yana cewa idonsa ya mutu, tunda harbinsa yakan watse a kan takarda. Wata rana na miƙa masa tawa, muka ɗaga masa matashin kunci har idonsa ya zauna daidai da hudar saiti ba tare da ya sunkuyar da wuya ba, muka rage tsawon gindin domin ya dace da kafaɗarsa. Da ya gama harbi aka kawo takardar, sai ga ramukan sun haɗe wuri guda. Ya daɗe yana duba ta, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa jikokinsa su gani. Idonsa lafiya lau yake, bindigarsa ce take tsalle a hannunsa.

A nan ne ma gyaran da kake sha'awa yake. Mutane da yawa suna zaton gyaran bindigar gasa shi ne ƙara mata ƙarfi, alhali ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), kuma ya wadatar ga huda takarda. Aikin yana wajen daidaita ta da jikinka: tudun matashin kunci, kwanciyar farantin gindi a kafaɗa, wurin da yatsa ke sauka a kan kunama, da ƙananan ƙarafan nauyi da ake matsarwa gaba ko baya har bakin bindigar ya daina yawo, muddin nauyinta duka bai haura kilo 5.5 ba. Bayan haka sai zaɓen ƙwaya. Duk milimita 4.5 aka rubuta a jikin gwangwani, amma kan ƙwayar yakan zo da awu daban-daban, kamar 4.49 da 4.50 da 4.51, kuma kowane bututu da wadda yake so. Ka gwada irin su RWS R10 da H&N Finale Match a kan abin da zai riƙe bindigar cak, wadda ta fi tara harbi wuri ɗaya ka sayi mai yawa daga wannan rukunin, ka daina canzawa.

Mai sifirin kuwa, na yarda tana da sauƙin kuɗi kuma ba ta neman famfo. Na taɓa riƙe wata irin wadda ake karya bututunta a ɗana, kuma fistin ɗinta, wato ƙarfen da sifirin ke ingizawa ya matse iska, yakan girgiza ta gaba da baya tun ƙwaya ba ta bar bututu ba, ta yadda ɗan bambancin riƙo kaɗan zai kai harbi wani wuri. In har dole ce ta sa, tsohuwar Feinwerkbau 300S ce kaɗai zan lamunta, domin an ƙera ta yadda ba ta dukan kafaɗa.

Wahalar mai silinda ɗaya ce, cika ta. Famfon hannu za ka nema wanda ke kai matsi zuwa bar 200 ko sama (bar ma'aunin matsin iska ne), mai matatar danshi saboda damina, ka riƙa hutawa kana bugawa domin kada ya yi zafi. Don Allah kada kowa ya ce maka ka kai ta wurin masu walda su cika maka da iskar oksijin, domin haɗuwarta da maiƙo a irin wannan matsi fashewa take jawowa. Masu aikin ƙarfe na kasuwar Panteka da ke Kaduna gwanaye ne a sana'arsu, amma cikin wannan bindiga ba wurin gwaji ba ne, kuma doka ma ba ta ba kowa damar gyaran makami sai mai izini. Da hunturu ka rufe bakin cikawa da murfinsa, ƙura ce ke cinye robobin da ke tsare iska.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka batun dillalai. Duk wanda ya ce maka bindigar iska ba ta bukatar lasisi ƙarya yake yi, so yake ya karɓi kuɗinka ya bar ka da 'yan sanda. Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta cikin jerin makaman da sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ake mallaka, saboda haka ka fara zuwa hedikwatar rundunar jiha ka ji halin da ake ciki game da bayar da shi, kafin ka fitar da ko kwabo. Kada ka tura kafin alƙalami ga mai talla a Facebook ko WhatsApp da hoto kawai. Ka ga bindigar da idonka, lambar jikinta ta dace da ta takardunta, sannan ka kwance silindar ka karanta shekarar da aka buga a jikinta, domin wadda ta wuce shekara 10 ba a shiga gasa da ita, kuma akwai masu goge wurin su shafa fenti. Idan ka ga alamar gugar yashi a wajen, ka mayar masa da kayansa, ko ka sa ya cire kuɗin sabuwar silinda daga farashi.