LinkedIn da neman gurbin sanin makamar aiki

Ga ɗalibin jami'a mai neman gurbin koyon sanin makamar aiki, dandalin LinkedIn na intanet mai haɗa ma'aikata, kamfanoni da masu neman aiki, wanda aka buɗe a 2003 kuma Microsoft ya saya a 2016, ya cancanci yabo. Abin da ya fi burge ni shi ne shafin kowace jami'a, inda ɗalibi zai ga tsofaffin ɗalibai da wuraren aikinsu, ya aika wa ɗayansu gajeren saƙo cikin ladabi, domin sau da yawa ta nan ake samun hanya. Sai dai sauƙin tura takardar neman gurbi ya sa masu nema sun yi yawa, amsa ta yi ƙaranci, kuma wasu sanarwowin ba sa bayyana ko akwai alawus.